Yadda Ake Neman Takardar Mutuwar Kakar Da Ba Ta Mutu Ba

Ɗan'uwa ɗalibi, matso kusa. Kana digiri na uku a Kuala Lumpur, babi na huɗu ya ƙi rubutuwa, ofishin makaranta kuma ya riga ya gargaɗe ka cewa in ka sake makara za a soke sunanka, a rubuta wa masu biyan kuɗin karatunka? To ka zo inda ya dace. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawarin sakamako tabbatacce. Ban dai ce wane iri ba. An gwada su a kan Muttaka, ɗan Kano mai nazarin magudanan ruwa, kuma har yau yana numfashi.

Mataki na 1: Zaɓi wanda zai mutu

Kada ka taɓa uba, lambar wayarsa tana cikin fayil ɗinka. Kada ka taɓa uwa, kai ma ka san abin da bakinta zai iya. Kawu ba ya jawo hutun kirki. Kaka ita ce daidai: ta tsufa, ba ta Fesbuk, ba wanda zai yi mamaki.

Don Allah a yi wa Muttaka adalci, bai zauna ya tsara ba. Ya shiga ofishin mai duba aikinsa ne, Farfesa Rosnah, wata dattijuwa 'yar ƙasar da ba ta ɗaga murya amma ba ta mantuwa. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce ina babi. Bakinsa ya riga hankalinsa fita.

"Kakata ce ta rasu, Farfesa."

Iya kuwa, wadda ta goye shi tun daga yaye har ya shiga firamare, a daidai lokacin tana can Kano tana zazzaga wa akuyar maƙwabta masifa.

Mataki na 2: Gyara fuska

Kada ka yi kuka, ba ka iya ba. Kalli ƙasa kawai, ka riƙa haɗiyar yawu. Malamai sun tabbatar cewa mai haɗiyar yawu ya fi mai hawaye ban tausayi.

Abin ya ci. Farfesa ta yi salati, ta ture kujera baya ta ce, "Boleh, boleh, ba komai, je ka huta, babi ya jira." Muttaka ya ji kamar an sauke masa buhun masara daga ka. Har ya kama ƙofa sai ta ƙara da cewa, cikin tausasawa, "Sai dai ofis za su nemi takardar shaidar mutuwa. Ƙa'ida ce kawai. In babu ita hutun bai zauna ba, sai su lissafa maka a makara."

Mataki na 3: Gane ramin da ka faɗa

Mu dai ka san mu. Mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi, an dawo an shimfiɗa tabarmi. Ba mai tuna takarda sai ranar da aka zo karɓar fansho, ko banki ya riƙe kuɗin gado. Su kuwa mutanen nan, ba ka mutu ba sai hatimi ya ce ka mutu.

Saboda haka ga ilimi kyauta. Takardar nan ana neman ta ne a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa da ke sakatariyar ƙaramar hukumarku. Za su so cikakken sunan mamaci, da ranar da ya rasu, da inda ya rasu, da wata shaida daga asibiti ko daga mai unguwa, da katinsa in yana da shi. Duk wannan mai sauƙi ne. Abu ɗaya ne kawai ke ba da wahala, wato mamacin.

Mataki na 4: Nemi wakili a gida

Nemi mutum mai rufin asiri. In babu, nemi Ubale.

Ubale ɗan kawun Muttaka ne, magidanci mai shagon tayoyi da 'ya'ya biyar. Da ya ji bayani sai da ya yi dariya har ya sarƙe, sannan ya ce, "An gama, Dakta. Ka ɗauka takarda tana hannunka."

Abin da su biyun suka manta shi ne katin ɗan ƙasa na Iya yana ƙasan adakarta, makullin kuma yana ɗaure a haɓar zaninta. Ubale ya je ya durƙusa ya ce, "Iya, Muttaka ne makarantarsu ke neman wata 'yar takarda da sunanki, ki ba ni katinki in kai sakatariya."

Iya ta washe baki. Ai ta san za a rina, angon nata zai kai ta bikin gama karatu ne, shi ya sa Turawan can ke neman sunanta. Haka take kiran Muttaka tun yana rarrafe, angona, irin wasan kaka da jika.

"Kai da ka ɓatar mini da katin zaɓe? Ba na ba ka. Da ƙafata zan je."

Ubale ya ce to. Wa zai dubi tsabar idon Iya ya gaya mata wace takarda ce? Washegari ta ɗaura atamfar Sallah, ta shafa turare, ya tare musu adaidaita.

Mataki na 5: Riƙe sirri

Wannan matakin na sa shi ne don cika lissafi. Babu sirri tsakanin 'yan Najeriya a Kuala Lumpur.

Farfesa ta yi wa wani ɗalibinta maganar, shi kuma ya kai wa Malam Aliyu, shugaban ƙungiyar ɗalibai, mutumin da bai taɓa barin ladan gaisuwar mutuwa ya wuce shi ba. Kafin Muttaka ya sauka daga jirgin ƙasa na monorel a unguwarsu ta Chow Kit, sanarwa ta shiga guruf ɗin ƙungiyar, da sunan unguwa da lambar ɗaki.

Jama'a suka yi ta zuwa. Matan aure suka aiko da kulolin shinkafa da miya, gwauraye suka yo tapau, wato ƙunshin abincin saye, daga shagon abinci na mamak da ke ƙasan bene. Haggai, ɗan Jos da suke haya tare, wanda ranar Lahadin nan ya gaisa da Iya ta bidiyo har ta tambaye shi yaushe zai yi aure, ya jingina da ƙofar kicin yana kallon ikon Allah. Bai tona ba. Ya dai cika faranti, ya raɗa wa Muttaka, "Mutumina, sannu da rashi. Miƙo cinyar kazar nan."

In aka ce maka "Allah Ya ji ƙanta," ka ce amin da ƙarfi, ai mai rai ma yana bukatar jin ƙai. Da wannan fatawa Muttaka ya riƙa lallashin zuciyarsa. Ba ta lallasu ba. Duk lomar da ya kai sai ya tuna hannun da ya fara ba shi tuwo, kunya ta rufe shi.

Mataki na 6: Kashe wayarka

Da babbar murya nake faɗa: kashe ta! Muttaka bai kashe ba.

Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, falo ya cika. Farfesa Rosnah da kanta ta hawo bene da kwanon kek, ta zauna gefen mata. Malam Aliyu ya gama addu'a ke nan ana shafawa, sai waya ta ɗauki ƙara a tsakiyar tabarma. Kiran bidiyo, sunan Ubale ɓaro-ɓaro.

"Daga gida ne," in ji Malam Aliyu. "Ɗauka mana, mu ma mu yi musu gaisuwa." Bai jira ba, ya latsa, ya ɗaga wayar sama don kowa ya samu lada.

Fuska ta cika gilashin, da ɗaurin ɗankwali na gani na faɗa. A bayanta ga teburi da tulin fayil, ga wani ma'aikaci ya dafe kai, ga Ubale yana neman hanyar ƙofa.

"Angona! Kana ji na? Malamin nan ya ce in faɗi sunan mamaciya, na ce takarda dai tawa ce, ya duba kati ya dube ni ya yi ta salati. To ya ce ba ya rubutu sai da kwanan wata. Shi ne na ce bari a tambayi mai shi. Yaushe na mutu?"

Wani ya saki cokali. Malam Aliyu, da wayar a hannu, ya ce "Inna lillahi," ya rasa ko ta mutuwa ce ko ta tashi.

Farfesa ta waiga ta tambaya ko wace ce. Haggai ya ajiye faranti, ya gyara murya, ya ce da ita cikin Turanci, "Marigayiyar ce, Farfesa." Daga nan ya zama tafinta, kuma wallahi bai rage ko wasali ba.

Iya ta leƙo sosai ta ga taron. "Duk waɗannan nawa ne? Madalla, na yi jama'a. An dai ba su abinci ko?" Ta yi dariya, mata suka taya ta a ɗarare. Sai dariyar ta ɗauke. Da ta sake magana ba ta ce angona ba.

"Muttaka. Ubale ya ce hutu suka ba ka saboda na mutu. Ashe suna bayarwa? Shekara huɗu ina zaune da raina, kullum ka ce mini babu hutu."

Haggai ya fassara wannan ma, a hankali. Muttaka ya kalli ƙasa yana haɗiyar yawu, wannan karon ba dabara ba ce.

Mataki na 7: Karɓi sakamakonka

Farfesa ta miƙe ta gyara mayafi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ƙarya irin wannan, in ta kai ofis, ko jakarsa ba zai tsaya ɗauka ba. Ta bar shi ya jiƙu da wannan tukuna. Sannan ta ce hutun makoki ya mutu, ita da kanta za ta nema masa na ziyarar gida. Shaidar da take so kuwa ita ce hotonsa a zaune kusa da wannan baiwar Allah, kuma babi na huɗu ya dawo tare da shi, in ba haka ba ofis zai ji komai har da kek ɗin.

A Kano, a ɗakin Iya, ya rubuta babin, a kan tabarma, fanka tana juyawa in an kawo wuta. Duk baƙon da ya shigo sai ta ce, "Ku gaisa da wanda ya kashe ni." Da ya roƙi ta tuƙa masa tuwon dawa irin na da, ta ce matattu ba sa girki. Ta tuƙa, har da man shanu.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya: kora, soke biza, tsinuwar kaka, ko kulolin jama'a da har yau ba a mayar ba. Ba kowane ɗalibi ne ke da Farfesa Rosnah ba, ba kowace kaka ce kuma za ta je sakatariya da ƙafarta ta cece ka ba. Wanda ya ci gaba da cewa babu hutu har kiran rasuwa na gaskiya ya shigo wayarsa, ya kwantar da hankalinsa, takardar ba ta da wuyar samu, rana ɗaya ake buga mata hatimi. Ya je ya karɓa, ya ga ko za ta ce masa angona.