Bindigar Alhaji Dawuda Mai Ƙamshi

Duk unguwar Misfala, can ƙasa mai tsarki, babu namiji kamar Alhaji Dawuda mai turare. Wanda ya musa ya je ya tambaye shi, shi da bakinsa zai tabbatar. Tafiyarsa ta manya ce, tarinsa ma na manya ne. Bai taɓa faɗa da kowa ba, amma ya sha kwatanta yadda zai yi da ƙarti goma in suka tare shi a lungu. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Zakin Misfala suna ƙunshe dariya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Shehu Lurwanu, mutawwif ɗin da ke kula da alhazan ƙasar Hausa, yakan zaɓi mutum guda ya riƙe tuta ya ja ayari zuwa Mina da Arfa. Shekara bakwai Rabi'u maɗinki ke riƙe da ita, mutumin da ko gyaran murya bai iya ba. Shekara biyu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Zaki ya yi ta zarya da kwalaben turare har Shehu ya gaji ya ce to, bana a gwada shi, amma kuskure ɗaya tuta ta koma inda ta fito.

Nan take Zaki ya gano cewa jagora ba ya cika sai da makami. 'Yan fashin hanya an daɗe da gamawa da su, hukuma kuma ta hana yawo da makami a ƙasa mai alfarma. Ina ruwan Zaki! Wani ma'aikacin jirgin ruwa daga Sawakin ya kawo masa ƙananan bindigogi uku cikin buhun barkono, ya zaɓa.

Kwana tara shago a rufe, ana nazari. Ya jera su a tabarma ya kira matarsa.

"Ramlatu, zo ki sha ilimi. Wannan ta Jamus ce, ba ta ƙin tashi, sai dai nauyi, tana jan riga. Wannan libarba ta Ingila amintacciya ce, amma cikinta ya yi tudu, daga nesa za a gane. Ita kuwa 'yar Italiya, dubi, tafin hannu ya rufe ta ruf."

"Alhaji, ka taɓa harba ko guda?"

"Irinmu da kunne muke ganewa."

Haka kuwa aka yi. Ya kara kowacce a kunne, ya ƙwanƙwasa ta da farce kamar mai zaɓen kankana, ya jinjina kai. Sannan ya soke ta a ƙugu ya yi ta kai da kawowa a tsakar gida yana tambaya ko ana gani. Ramlatu tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi, ta ce ba a gani.

'Yar Italiya ta yi nasara. Ma'aikacin jirgin ya ce a riƙa sa mata mai saboda tsatsa, man keken ɗinki ya isa. Man keke? Irin na Rabi'u? Allah ya sawwaƙe! Zaki ya ɗauko man wardi na Ɗa'ifa, mai kauri, wanda ba ya buɗe wa kowa sai manyan baƙi, yana ɗura mata safe da yamma har mako uku.

Ranar takwas ga wata da hantsi alhazai suka taru a ƙofar Shehu, kowa cikin haraminsa. Zaki ya fito da tuta, bindiga na ɗaure ƙarƙashin gyauton harami, wallahi ko alamarta babu. Ya fara jawabi a kan ladubban aikin hajji. Rana ta buɗe, ƙarfe ya ɗumama, wardi ya tashi.

Iya Maimuna, tsohuwar da ta taka ƙasa shekara uku daga Katsina, ta ɗaga hanci.

"La ilaha illallahu! Wa ya shafa turare cikin harami?"

Ta bi ƙamshin sahu-sahu, mutane na darewa, har ta tsaya gaban mai jawabi.

"Ɗan nan, kai ne za ka koya mana aiki? Ni ban taho da ƙafata don in bi wanda bai san wannan ba."

Zaki ya jiƙe sharkaf da gumi. In ya ce shi ya shafa, ya zama jahili a gaban mutum ɗari biyu. In ya faɗi gaskiya, ga askarin hukuma can jingine da bango. Shehu Lurwanu ya ja shi zaure, ya miƙa hannu ya ce a ba shi abin da ke ɗaure a ƙugu. Aka kwance, aka miƙa. Shehu ya nemi ya zare harsashi, abu ya ƙi. Ya taɓa nan ya taɓa can, ko motsi. Mai da ƙura sun daskare ta ciki da waje kamar alewa.

"Tayyib, ya Hajj," in ji Shehu. "Je ka wanke jikinka, ka sake harami, ka tanadi ragon fansa. Turo mini Rabi'u."

Zaki ya yi hajjin wannan shekarar a sahun baya, tsakanin raƙuman kaya.

Bindigar tana nan har yau a akwatin Ramlatu, cikin zannuwanta na biki. Ta ce maganar Alhaji gaskiya ce, ya iya zaɓe: shekara uku ke nan, ko sau ɗaya ba ta taɓa fasa ƙamshi ba.