Tafinta da Buhun Kububuwa

Tsufa ya fara sace mini sunayen jikokina, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi tafinta a asibiti ba. A aji huɗu na tsaya a firamare, sai gadin da na yi a Kano, inda na tsinci ɗan Turancin buɗe ƙofa. Wannan ya isa a riƙa kirana Bature a unguwarmu ta Getso (ban taɓa hana kowa ba).

Lokacin roron wake ne kububuwa ta sari maƙwabcina Sule a gona. Muka ɗauko shi zuwa Gwarzo, ƙafa ta kumbura kamar turmi, dasashinsa na tsattsafo da jini. Matarsa Larai ta biyo mu da buhu, don in an kashe macijin akan tafi da shi likita ya ga irinsa. Likitar da muka samu 'yar bautar ƙasa ce daga Kudu, Hausarta ba ta wuce "sannu" ba, kuma mai yi mata tafinta ya raka wani majinyaci Kano.

"Baba Bature, yau ranarka ce," in ji Larai, ta dire buhun a gindin ƙafata.

Da farko na yi abin arziki. Likita ta tambayi yaushe aka sare shi, na juyar, Larai ta ce da hantsi, na mayar. Har na fara gyara zaman hula.

Sai buhun ya motsa.

Jama'a, daga nan kaina ya rabu uku: Hausa, Turanci, da kububuwa. Kuma kububuwar ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Likita ta tambaya ko an ba shi wani abu ya sha. Na juya ga Larai na maimaita mata da Turanci, tiryan-tiryan. Ta yi sororo. Na juya ga likita na ce, "Ranki ya daɗe, ta ce ba ta gane ba," da Hausa tsantsa. Na san ina juya abin baibai, amma bakin ya ƙi jin linzami. Sule na nishi, idonsa na lumshewa, ni kuwa ina ta rabon harsuna ga waɗanda ba su da su.

"Bature!" Larai ta daka mini tsawa. "Ni za ka yi wa Turanci? Mijina zai mutu kana wa'azi!"

"Macijin nan da ransa," na ce.

Ta leƙa ƙasa. "Kansa ma a fashe yake. Igiyar buhun ka taka, kuma ƙafarka ce ke karkarwa."

Ta fizge buhun ta ajiye a baranda. Likita ta kama kafaɗata, ta nuna kanta da yatsa, sannan ta nuna Larai, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koya wa jaki hanyar gida: Turanci nata, Hausa ta Larai. Na runtse ido na yi bisimilla. Da ƙyar na iya gaya wa likita an ba Sule jiƙon sassaƙe kuma ya amayar. Ta yi masa allura, kwana biyar aka sallamo shi.

Na dai gane tafinta ba sanin harshe biyu ba ne kawai. Kamar kiwon awaki biyu ne a bakin gonar mutane: sai ka ɗaure ɗaya tamau kafin ka saki ɗaya, kuma tsoro ne ke fara tsinka igiyar.

Sule ya warke sarai. Ni ne ban warke ba, don har yau in na gaida Larai sai ta ce, "Da wane harshe zan amsa, Baba?"