Yadda Za Ka Burge Surukinka Da Tsuntsun Teku A Kusada

Kana neman auren Rauda, babanta Malam Ɗalha kuma ya ce sai mai sana'a? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na rantse sai ya ba ka aiki da hannunsa.

1. Zaɓi tsuntsun da ba mai ƙaryata ka

Kar ka taɓa zabo ko hasbiya, kowace tsohuwa a ƙauyen Kaikai ta fi ka saninsu. Buɗe wayarka ka nemo wani baƙin tsuntsun ƙasashen ƙanƙara, mai jajayen ƙafafu da farin tabo a fiffike. Daga Kusada har Kankiya ba teku, saboda haka ba shaida.

2. Haddace mazauninsa

A kogon duwatsun bakin teku yake ƙwai, nutso yake yi ya kamo kifi. Faɗi haka kana kallon nesa, kamar mai kewar gida. Kai da ko rafi ya kawo sai ka jira ya janye.

3. Jera ire-irensa

Iri biyar ne. In ka manta biyu, yi tari. Masana duk haka suke.

4. Kai gaisuwa

Durƙusa a zaure ka zube iliminka kaf. Malam Ɗalha zai ce, "Ikon Allah! Ashe masanin tsuntsu gare mu cikin garin ga, jan-baki na cinye mani dawa? Gobe da hantsi ka same ni gona."

Ka ce, "To, Baba." Ba wata amsar.

5. Kama aiki

Zai ɗora ka kan rumfa a tsakiyar gona, ya miƙo maka majajjawa da igiya mai gwangwanaye. Idan jan-baki suka sauko dubu-dubu, kar ka tsaya tantance irinsu. Ja igiya, yi ihu. In dutsen majajjawa ya dawo maka a ƙeya, yi haƙuri, bincike ne.

Sharaɗinsa ɗaya: dawa ta kai girbi, a sa rana.

Gargaɗi

Marubucin nan ba ruwansa da dashewar murya, ko gonar da ta koma kara zalla. Ni ma da na gwada, Rauda da kanta ta zo ta dubi zangarniyar, ta dube ni, ta ce, "Malam masani, sauko haka nan. Mutum-mutumin bara ya fi ka ƙoƙari."