Yadda Na Zama Malamin Japan

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na koya wa Japanawa Turanci ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini hankali. Rana ɗaya ce tak, amma ta ishe ni.

Lokacin ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kafanchan, albashin ba ya kai mu tsakiyar wata. Sai abokina Bulus, da ke karatu a Japan, ya samo mini dama: wani kamfani na neman mai koya wa ma'aikatansa Turanci ta intanet, amma sai an gwada ni. Na ari kwat, na ari janareta.

Aka haɗa mu. Ga mutum huɗu a tebur, har da wani dattijo mai furfura. Na yi tambaya, shiru. (A ajina, kafin in rufe baki yara sun fara "Ni, sa! Ni, sa!") Na ce kunya ce, bari in warware su. Na kira sunan dattijon gatsau, na ce ya karanta. Ya yi tuntuɓe a wata kalma, na ce ya sake. Ya sake, na ce bai yi ba. Da ya samu, na sa sauran su tafa masa. Kome na faɗa sai su sunkuyar da kai su ce, "Yes, yes." A ƙarshe matar da ke lura da gwajin ta yi murmushi ta ce, "Za mu yi tunani."

Na fito ina ihu, "Maman Joy, Allah ya yi!"

Matata ta ce, "Baban Joy, sun ce sun ɗauke ka?"

Na ce, "Ba ki ji yes ɗin da suke ta zubawa ba?"

Washegari na ajiye aikina. Ran Lahadi na ba da shaida a coci, zumuntar mata suka rangaɗa guɗa, Fasto ya ɗora mini hannu.

Da shiru ya yi yawa na kira Bulus. Ya ce, "Kai, wa ya aike ka? Tsohon nan shugabansu ne. A can ba mai buɗe baki kafin babba, balle ya fi shi iyawa a gabansa. Kai kuma ka tsare shi gaban yaransa kamar ɗan firamare."

Na ce, "Amma sun ce yes."

"Yes ɗinsu 'ina jin ka' ne. 'Za mu yi tunani' kuwa a'a ce cikin ladabi."

Na koma makaranta da ƙoƙon bara, na tarar an ba wani gurbina. Yanzu ina bin surukina sayen citta a ƙauyuka. A coci kujerar baya nake zama, duk da haka 'yan acaɓa ba su bar ni ba: "Malamin Japan, yaya ɗalibai?"

Na dai koya a makare: in baƙo ya ce maka eh, tambaye shi eh ɗin wane gari ne kafin ka ajiye aikinka.