Nomau da Dakalin Kansila

A can ƙasan Unguwar Gangare, inda ruwan gari yake bi ya faɗa rafi, nan gidan Nomau yake. Shi ne da matarsa Asabe, da tsohuwarsa Inna Yalwa, sai awaki biyu. Nomau ba mahaukaci ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Abu ɗaya ke damunsa: in ka faɗa masa magana, sai ya ɗauka abin da ka faɗa shi kake nufi. Ku kuwa kun san ba haka ake zaman gari ba.

Damuwar gidan ita ce ɗakin Inna. Tun da Kansila Ɗayyabu ya gina ƙaton dakalin siminti a ƙofar gidansa, ya danne bakin magudanar unguwar, ruwa ya rasa hanyar rafi, sai ya dawo ya kwanta a gindin ɗakin tsohuwa. Bara ya cinye rabin bangon. Kowa ya san in aka ƙara damina a haka ɗakin zai zube, kowa kuma ya san dalili in ban da Nomau. Amma wa zai buɗe baki, alhali Kansila ne ke raba taki?

Wata rana Asabe ta ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ta tura shi wurin Mai unguwa Sallau ya kai kuka. Mai unguwa ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce, "Je ka gida, Nomau, zan neme ka." Nomau ya dawo ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna. Gona bai je ba, kasuwa bai je ba, ko bayan gida zai zaga sai ya sa Asabe ta tsaya a madadinsa. Ta ce, "Malam, mutane fa sun gama sharar gona." Ya ce, "In ya zo nemana bai same ni ba fa? Babban mutum ya sha wahala a banza?" Sai da Mai unguwa ya zo wucewa za shi gidan suna, Nomau ya yi tsalle ya tare shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ni, ka huta da nema."

Kunya ta sa Mai unguwa ya ce masa ya tafi sakatariyar ƙaramar hukuma. "In ka je ka bi layi, kada ka tsallake kowa, abin da aka ba ka ka karɓa ka gode." Wata rana Nomau ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi. Yana shiga ya ga dogon layi, mata ne zalla da goyo. Ya yi mamakin yawan waɗanda ruwa ke ci wa ɗaki, ya bi bayansu. Da aka zo kansa ma'aikaciyar lafiya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Baba, ina jaririn?" Ya ce, "Babu jariri, tsohuwa ce." Ta ga ba za su fahimci juna ba, ta miƙa masa gidan sauro. Ya durƙusa ya gode. A gida ya yi ta juya abin, ya ce, "Asabe, ni dai ban ga yadda wannan zai tare ruwa ba, duk huji ne. Amma hukuma ta fi mu sani."

Wata rana kuma Asabe ta gaji, ta ce ya je wurin Kansila da kansa. Ya same shi a kan dakalin nan, an kewaye shi ana shan shayi. Kansila ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Nomau, ai gidana gidanka ne. Duk ranar da ruwa ya dame ku, ƙofata a buɗe take." Ranar da aka yi ruwan fari da hantsi, ruwa ya shiga ɗakin Inna har idon sawu. Nomau ya goya tsohuwa, ya jawo awaki, ya nufi gidan Kansila. Ƙofa kuwa a rufe, har da sakata. Ya buga, ya buga, mai gadi ya leƙo ya ce mai gida ba ya nan. Nomau ya ce, "To buɗe, ai gidana ne." Haka suka juyo a jiƙe, Inna tana rawar ɗari a bayansa tana cewa, "Mayar da ni ɗakina, in zai faɗi ya faɗi da ni." Ranar Nomau ya yi kuka, don ya ji tausayin uwarsa, kuma ya kasa gane inda ya yi kuskure.

Wata rana aka yi shelar tsaftar muhalli, shugaban ƙaramar hukuma da kansa ya zo da 'yan jarida. Aka taru a filin makaranta. Kansila ya karɓi lasifika, ya gyara hula, ya ce, "Duk abin da ya tare wa ruwa hanya, ko na wane ne, a cire shi yau. Ba sani ba sabo." Aka tafa. Kowa ya ɗauki tsintsiya ya ɗan karkaɗa ƙasa don hoto. Nomau kuwa ya saɓi diga ya faɗa magudana. Ya cire leda, ya cire tsumma, ya yi ta gangarawa har kansa ya yi karo da siminti. Ya duba, ya ga lallai wannan ya tare wa ruwa hanya. Ya yi bismilla.

Ƙarar diga ce ta jawo taron. Kafin su iso ya fasa tsakiyar dakalin, baƙin ruwan da ya daɗe a kwance yana ta gudu zuwa rafi. Mai unguwa ya fara lissafin ta inda zai sulale. Shugaba ya ce, "Wannan dakalin na wane ne?" Nomau ya share gumi ya ce, "Na Kansila ne, ranka ya daɗe. Shi ya ce ko na wane ne." Shugaba ya juya ya kama hannun Kansila ya ɗaga sama, ya ce, "Kun ga shugabanci. Ya fara da ƙofar gidansa." Aka ɗauki hoto. Kansila yana murmushi kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa, har aka miƙa masa digar ya ƙarasa sauran da hannunsa.

Ruwan da aka yi bayan nan ya fi na bara ƙarfi. Nomau ya tsaya a zaure yana kallonsa yana wucewa, Inna tana ɗakinta a bushe tana jan carbi. Can ya juyo da damuwa a fuskarsa, ya ce, "Asabe, abu ɗaya ne ban gane ba. Tun da shi ma yana so a fasa, me ya sa ya bari sai da na zo?"

Asabe ta dubi mijinta. Ta ce, "Ba shi da diga ne, Malam."

Nomau ya ce, "Allah sarki. Da ya faɗa ai da tun bara na ara masa."