Ruwan Da Na Shayar Da Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya fara taka gidana a Gaya ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ruwan burtsatsenmu irin mai taurin kan nan ne. Ka goga sabulu har hannunka ya gaji, kumfa ta ce ba da ita ba, cikin butar shayi kuwa duk farin ɓawo. Da mitar matata ta ishe ni, na je Kano na sayo na'urar tausasa ruwa. Wata doguwar tukunya ce cike da 'yan ƙwayoyi kamar gero, su ke riƙe sinadaran da ke hana ruwa kumfa. Idan sun ƙoshi sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri, sannan a ɗauraye sosai. (Mai shagon ya yi ta nanata maganar ɗaurayar nan, ni kuwa hankalina na can kan yadda maƙwabta za su zo kallo.)

Baffa, mahaifin matata, dattijon Bafulatani ne daga Toranke, mai kawaici na ban tsoro. Na daɗe da sanin a wurinsa ni ɗan boko ne mai dogon turanci da gajeren aiki. Da aka ce yana tafe, na ƙudurta yau zai yarda 'yarsa ta yi dace.

Da safe na shiga yi wa na'urar wankan gishiri, don ruwan ya fito tas. Ina tsaka da aikin na ji sallamarsa. Na murɗa famfo, na zura riga, na ruga zaure. Ɗauraya ko tuna ta ban yi ba.

Bayan gaisuwa na ciko kwanon sha da kaina, na durƙusa na miƙa masa, har da lacca.

"Baffa, wannan ruwan ko a Kano ba kowane gida ake shan irinsa ba."

Ya yi bismilla ya kafa kai. Ni kuwa kunyar suruki ba za ta bar ni in sha komai a gabansa ba, don haka ban ɗanɗana ba. Ya sauke kwanon, idanunsa sun kawo ƙwalla. (Wallahi na ɗauka daɗi ne ya ratsa shi.)

"Yaya kuka ji shi, Baffa?"

"Madalla," in ji shi.

Sai na sake ciko masa.

Can matata, wadda ke dama masa fura, ta kira ni ciki. Ludayin furar kawai ta miƙo mini. Na kurɓa. Harshena ya naɗe, kunnuwana suka yi zafi. Tsabar gishiri!

Na koma zaure, na tarar da kwano na biyu wayam. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Baffa ya riga ni, a natse, ko murmushi babu.

"Malam, in da jarka a cika mini. Shanuna sun kwana biyu ba su lashi gishiri ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma na cika masa jarkar, don ban san me zan yi ba in ba hakan ba.

Tun daga ranar na koyi darasi: duk abin da kunya za ta hana ka sha a gaban suruki, ka fara kurɓarsa a bayan ƙyaure.