Kaset ɗin Surukina

Duk Gwarzo an san ni da kunne. In ka sa mini tsohuwar waƙar kotso, kafin 'yan amshi su karɓa na gaya maka ko ɗaukar gidan rediyo ce ko ta filin biki. Shi ya sa da gardama ta ɓarke tsakanin surukina, Alhaji Bala na Kabo, da amininsa Malam Idi, kowa yana cewa kaset ɗinsa ne na asali, ni aka kira.

Na zauna a gefen tabarma, na ce kada a gaya mini mai kowanne. Aka sa na farko a rikoda. Na lumshe ido ina kaɗa kai. Aka sa na biyu, waƙar dai ita ce, amma murya ta yi kauri, kiɗa yana jan ƙafa.

Na gyara zama na ce, "Wannan kwaikwayo ne. Wani yaron makaɗi ne, kuma da yunwa ya yi shi. Wanda ya sayi wannan an cuce shi."

Surukina ya sunkuyar da kai. Malam Idi ya ce, "Madalla! A maido nawa mu ƙara ji."

Aka maido. Shi ma ya fara jan ƙafa, ya yi gurnani, ya tsaya cak. Ashe batir ne ya mutu.

Alhaji bai taɓa ɗago mini zancen ba. Sai dai duk sallah, idan maiɗakina ta dawo daga gaishe shi, a cikin tsarabata akwai batir biyu.